Ulu Uku a Zaren Baba Ginzo

Ranar da Tsutomu mai shagon kayan fatsa ya faɗa lambatun bayan gidansa, ba giya ya sha ba, ko da yake har yau matarsa Harue ba ta yarda ba. Man shafawa ya dangwala a tsakiyar tabaraunsa, ya ɗauki sandar fatsa ya fita, wai zai ga duniya yadda Baba Ginzo yake ganinta. Taku bakwai ya yi. Na takwas a cikin ruwan wankin shinkafa ya ƙare, ƙafa ɗaya sama, ƙugiya maƙale a bayan wando.

"To, me ka gani?" in ji Harue ta taga.

"Na ga aure ba ya ceto. Miƙo min hannu."

"Ka kira wanda ka ari idonsa."

Shi wannan Baba Ginzo shekararsa tamanin da ɗaya. Arba'in daga ciki a kan duwatsu ya yi su yana yankan katako, ranar hutu kuwa yana cikin rafi har gwiwa. Duk mai kamun kifin yamame a kwarin nan, in ka bi diddigi, a wajensa ya koya, har da Tsutomu da ke sayar da kayan. Ba ya dogon bayani. Zai karɓi sandarka, ya murza zaren, ya ce, "Saniya za ka ɗaure?" ya miƙo maka abinka.

Kayansa ba su taɓa canjawa ba. Doguwar sanda mara nauyi, zare siriri kamar gashin jariri, dalma ɗaya kamar ƙwayar shinkafa, 'yar ƙaramar ƙugiya. Tanar da yake sawa ma ba kowace ba, sai jar nan siririya ta ƙarƙashin ruɓaɓɓen karan shinkafa, a soke ta ta wuya a bar jela na wutsil-wutsil. Sai jan ulu, ƙulli uku a jikin zaren sama da ruwa, ragowar saƙar marigayiya matarsa. Wannan ulun shi ne komai. Yamame ba ya fizga, ɗanɗanawa yake yi ya tofar kafin hannu ya ji. Ulun ne zai ɗan tsaya, kamar matafiyin da ya tuna ya bar tukunya a wuta. To a nan ake ɗaga sanda.

Bara tsakiyar ganinsa ta mutu. Likita ya ce ba irin wadda ake yi wa aiki ba ce. Gefe-gefe yana gani, amma abin da ya tsura wa ido sai ya ɓace. A watan biyar ya zame a kan dutse ya fasa goshi, 'yarsa Fumie ta taho daga birnin Sendai da jakunkuna babu komai a ciki.

"Baba, na gyara maka ɗaki. Tagar ma tana kallon bishiya."

"Bishiya ɗaya?"

"Don Allah ka bari. Mutum ba ya ganin ƙafarsa, ya zauna shi kaɗai a bakin rafi?"

Suka yi ta ja-in-ja, har ta gaji ta ce ya kamo yamame ɗaya da hannunsa kafin a rufe kamu ƙarshen Satumba, ta bar shi ya ƙara shekara a gidansa. In bai kama ba, a kulle gidan ya bi ta. Ta faɗa ne don ta san ba zai iya ba. Shi kuwa ya ce ya ji. Rakiya ta faɗa kan Tsutomu.

Daga nan Tsutomu ya shiga uku. Ya ƙara girman ulun, iska ta kama shi ta riƙa jan tanar kamar akuyar da ake kaiwa kasuwa, kifi ya kalla ya wuce. Ya canja launi, ruwan goro, ruwan ɗorawa, wani kore mai kashe ido, tsoho ya ce duk toka ne. Ya sa zare mai kauri, ruwan kuwa garau, kifin ya fi mai fatsar gani. Ya ƙara dalma ko hannu zai ji cizo, sai ƙugiya ta dinga maƙalewa a ƙasa, wuni ɗaya goma sha ɗaya suka tsinke. Har ƙararrawar wuyan kyanwa ya ɗaura a bakin sanda.

"Wannan fa?"

"Sabon yayi ne, Baba, daga Tokyo."

"Cire, kafin kifi ya ce an haukace a gidanmu."

Duk abin da ya gyara wa ido sai ya ɓata wa tana. Aka koma kan ulun nan uku. Tsutomu, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗi ba, sai ga shi zaune a kan dutse yana kallon ulun ya tsaya, ya sake tsayawa, tsoho yana tsaye bai sani ba. In ya ce "Ɗaga!" kafin maganar ta shiga kunne ta sauko hannu, kifi ya tofar. Wannan ma tsohon ya hana.

"Da hannuna aka ce, ba da bakinka ba."

Ranar ƙarshe Tsutomu ya biya gidan kiwon kifi, ya zaɓo yamame mai rai, ya sa a bokiti mai murfi, ya ɓoye bayan wani dutse. Fumie tana jira cikin mota a bakin titi. Har rana ta karkata babu komai.

"Kawo in sake maka tana, Baba, wannan ta gaji da aikin banza."

Tsutomu ya juya baya, ya soka ƙugiya a leɓen kifin bokitin, ya sulala shi cikin gurbi, ya mayar wa tsoho da sandar. Zare ya miƙe.

"Ga shi, Baba! Ga shi nan!" Ihun har titi, Fumie ta buɗe mota.

Baba Ginzo ya jawo a hankali, ya durƙusa, ya jiƙa hannu, ya kama. Bai ko kai shi kusa da ido ba. Da babban yatsa ya bi bayan kifin har wutsiya, ya tsaya. Kifin rafi wutsiyarsa tsini biyu gare ta. Wanda ya tashi a tankin siminti, gugar bango ta cinye tasa, saura dungu. Tsutomu ya san haka, shi ne ma yake faɗa wa baƙi a shago.

Tsohon ya zare ƙugiya, ya saki kifin. Ya kwance ulun uku ya sa a aljihu, ya soma shigar da gaɓoɓin sandar cikin juna. Fumie ta leƙo daga gaɓar rafi tana haki.

"Ya kama?"

"Ganye ne," in ji ubanta. "Je ki ta da mota."

Da ta juya, Tsutomu ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Haba Baba, ai kifi kifi ne. Ita ina ta san wutsiya?"

"Shekara talatin ina koya maka zaɓen kaya, ka kasa zaɓo min ko ƙarya mai wutsiya. Riƙe min hannu, wajen nan da santsi."