Haɗin Dakta

A gonar gwaji ta jami'a babu mai kiran ta da sunanta. Ma'aikata Dakta suke cewa, ɗalibai kuwa a bayan idonta sun laƙaba mata Uwar Sikeli, don ba ta karɓar "kamar ya yi ƙiba" ko "da alama ya ƙoshi". Idan ka ce rago ya ci, sai ta tambaye ka giram nawa ya ci, nawa kuma ya rage a kwano. Har kashin dabbobin sai an share an auna. Mijinta, malamin lissafi a wata sakandare, yakan ce duk duniya shi kaɗai ne ya auri matar da ke dawowa gida tana fara'a don tunkiya ta yi kashi mai kyau.

'Yar mahauci ce. Tana ƙarama takan kai wa mahaifinta abinci a mahauta, kuma a can ta fara ganin abin da ake fitarwa daga tumbin dabbobi idan rani ya yi nisa: leda, tsummoki, igiya, wani lokacin har yashi. Mahaifin ya ce mata yunwa ce, dabba idan ta rasa ciyawa komai ta samu haɗiyewa take yi. Maganar ta zauna mata. Ƙawayenta suka tafi karatun likitanci da shari'a, ita ta zaɓi abincin dabbobi, har mahaifiyarta ta rasu ba ta gane dalilin da zai sa mutum ya yi digiri uku a kan dusa ba.

Shekararta ta tara da fara koyarwa ta yi aikin da ya fito da ita. Akwai wata bishiyar ƙaya da ke zubar da 'ya'yanta a banza da rani, awaki su ɗan tsinta, sauran su ruɓe. Dakta ta sa aka tara su, aka shanya, aka niƙa, ta haɗa da dusa da harawa da ɗan gishiri. Ta ɗaure raguna ashirin da huɗu tsawon kwana casa'in, rabi suna cin haɗin, rabi suna cin abin da aka saba. Na haɗin suka yi ƙiba har ma'aikatan gonar suna zuwa kallo. Ta rubuta maƙala, wata babbar mujalla ta ƙasar waje ta buga. Daga nan ƙofofi suka buɗe. Aka riƙa gayyatar ta taruka, masu bincike a wurare da dama suna ambaton aikinta, ɗalibai huɗu suka yi digirinsu a kan sassan haɗin. Jami'a ta buga wata 'yar takarda mai hotuna don masu kiwo, masu injin niƙa suka ɗauka suka fara cika buhuna suna rubuta musu "Haɗin Dakta" da jan fenti. Ba ta taɓa neman su yi hakan ba, amma ba ta taɓa hana su ba, kuma duk sanda ta wuce ta ga buhunan a jingine a bakin shago, takan rage gudun mota.

Shekara goma sha biyu bayan haka ta tattara maƙalunta arba'in da ɗaya, aka ɗaure su kundi uku, aka aika wa masu tantancewa na waje domin a ba ta farfesa. A tsangayarsu ba a taɓa yin mace farfesa ba. Kowa ya san za ta samu, har masu shara sun fara kiran ta da shi tana harararsu tana dariya.

Takardun ba su cika wata guda da tafiya ba, wata Litinin da safe, wata dattijuwa ta yi sallama a ofishinta. Ta ce ita ungozoma ce, ta yi ritaya daga asibiti, tana ɗan kiwon tumaki a bayan gida. Ta zauna ta fito da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Tumakinta goma sha ɗaya suka ɗauki ciki, bakwai suka yi ɓari, dukansu a wata na huɗu. Bara ma haka, biyar. Ta rubuta ranar kowace da hannunta mai kyau na ma'aikatan jinya. Likitan dabbobi ya ɗibi jini bai ga cuta ba. Tumakin maƙwabciyarta, da suke shan ruwa ɗaya, rago ɗaya ke bin su, duk sun haihu lafiya. Bambancin kawai shi ne maƙwabciyar ba ta sayen haɗin.

Dakta ta saurare ta da irin haƙurin da take yi wa ɗalibin da bai karanta ba. Ta ce abubuwa da yawa na sa ɓari, mai yiwuwa masu niƙa sun cuɗa wani abu, mai yiwuwa buhun ya yi fumfuna. Ungozomar ta gyaɗa kai har ta gama, sannan ta ce:

"Ni ban zo faɗa ba, Dakta. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Da kika yi gwajin nan, kin gwada shi a kan masu ciki?"

Dakta ta tuna gwajin. Raguna ne ashirin da huɗu. Ɗalibanta ma raguna suka ɗaure, don sun fi sauƙin samu, kuma kwana casa'in ya ishi mutum ya gama ya rubuta. Bayan matar ta fita ta jawo durowa ta ciro 'yar takardar nan mai hotuna. A shafin farko an rubuta cewa haɗin ya dace da raguna da tumaki da awaki a kowane lokaci. Ita ta rubuta layin da kanta, ta tuna har teburin da ta zauna.

Ba ta shiga aji ba ranar. Ta sauka gona ta sami Baba, tsohon da ke kula da garken tun kafin a ɗauke ta aiki, yana wanke kwanonin ruwa. Ta tambaye shi ko ya taɓa lura da wani abu game da masu ciki. Baba ya ɗauraye hannunsa a hankali, ya ce ai shi ya fi shekara takwas ba ya ba su. Da zarar tunkiya ta ɗauka, sai ya ware ta ya koma mata harawa zalla. Ta tambaye shi don me bai faɗa mata ba.

"Na faɗa miki, ranki ya daɗe. A nan wurin muna tsaye. Kika ce guda nawa ne, cikin nawa, a wace rana. Ni kuwa ba na rubutu."

Bai faɗa da zafi ba, ya ma koma wankinsa. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar, ta kasa.

Shugaban sashe ajinsu ɗaya tun digirin farko, mutum ne mai son zaman lafiya da shayi mai madara. Da ta kai masa maganar, ya rufe ƙofa ya saurare ta, ya cire tabarau ya goge. Ya ce littafin wata tsohuwa da maganar mai gadin tumaki ba hujja ba ce a kimiyya, ita ma ta sani. Ya ce maƙala goma sha ɗaya cikin arba'in da ɗayan nan a kan haɗin suke tsaye, idan ta girgiza su yanzu kundin gaba ɗaya zai zube, kuma ba ita kaɗai zai danne ba, akwai ɗalibanta huɗu da ke cin abinci da shi. Ya ce ta bari rahoton masu tantancewa ya dawo, wata shida ne ko bakwai, bayan nan ta gyara abin da za ta gyara tana farfesa, lokacin ma an fi jin maganarta.

A gida ta kwashe komai ta faɗa wa mijinta suna zaune a baranda bayan la'asar. Ta so ya ce mata yi kaza. Malam ya daɗe yana juya kofin hannunsa, ya ce shi dai abin da ya sani, ko an ba ta farfesa ko ba a ba ta ba, ƙatuwar tukunyar da suka saya don walima ba za ta koma kasuwa ba. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ya ƙara da cewa ya san ta shekara talatin, idan ta yi shiru shi ne zai sha wahalar zama da ita.

Abin da ta yi bai zama na shugaban sashe ba, bai kuma zama na jarumta ba. Ta ware tumaki ashirin, aka sa musu rago, goma ta ba su haɗin, goma ba ta ba su ba. Ta ce wa kanta mai kimiyya ba ya magana sai da lissafi a hannu. Gaskiya ne. Amma ta kuma san cikin tunkiya wata biyar ne, kuma wata biyar ya kusa kai ta inda shugaban sashe ke so ta kai. Cikin watannin nan ta sauya hanyar zuwa aiki don kada ta bi ta layin masu sayar da abincin dabbobi. Ta rame. A aji takan tsaya tsakiyar jimla ta manta inda ta nufa. Ungozomar ta kira ta sau biyu, Dakta ta kalli wayar har ta katse.

A wata na huɗu aka fara. Baba ne ke zuwa ya tsaya a ƙofar ofis, ita kuma ta ɗauki safar hannu ta bi shi. Shida cikin goma na haɗin suka zubar. A ɗaya ɓangaren guda ɗaya ce, ita ma tsautsayi ne, ƙofa ta matse ta. A makon ne kuma shugaban sashe ya raɗa mata cewa rahoto biyu cikin uku sun iso, duka sun yaba.

Wasiƙa uku ta rubuta rana ɗaya, tana bayyana cewa haɗin na sa masu ciki ɓari. Ɗaya ga mujallar, ɗaya ga kwamitin ƙarin girma, ɗaya ga gidan rediyo. Ta kai ta kwamitin da hannunta, ta sa aka buga mata hatimin karɓa don kada ta sami hanyar janyewa.

Abin da aka ce zai faru ya faru. Aka jingine kundinta, aka kafa kwamitin bincike da ya yi shekara ɗaya da rabi yana zama. A ƙarshe ya ce ba ta ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, gwajin ragunan sahihi ne, amma ta yi sakaci wajen ba da shawarar da ta wuce abin da ta gwada. Kalmar sakaci ta shiga fayil ɗinta. Ɗaya daga cikin ɗalibanta huɗu, wanda ta yi wa tsaye har ya sami koyarwa a wata jami'ar, ya daina ɗaga wayarta, ya kuma rubuta a wani wuri cewa shi tun farko yana da shakku. Gayyatar taruka ta ɗauke kamar an rufe famfo. A ɗakin shan shayi na malamai ba wanda ya ce mata komai, sai dai idan ta shigo hira takan koma ta ƙwallo.

Ta bi shagunan ɗaya bayan ɗaya da takardar gargaɗi da gam. Wasu suka bari ta manna. Wani mai injin niƙa ya ce mata cikin ladabi cewa kayan na tafiya, raguna na ƙiba, shi ba zai tsaya tambayar kowace tunkiya halin da take ciki ba. Ya goge sunan Dakta daga buhun ya sa wani, ya ci gaba da sayarwa. Ta je gidan ungozomar ta ba ta haƙuri. Matar ta karɓe ta da kyau, ta kawo mata ruwa, amma ta ce ta riga ta sayar da tumakin, ba ta da zuciyar sake kwasar 'ya'yan da ba su yi numfashi ba, ta kwashi isassu a wurin aiki.

Shekara shidan da suka rage mata kafin ritaya ta ƙarar da su wajen gano adadin da masu ciki za su iya ci ba tare da illa ba. Ta gano cewa idan an jiƙa 'ya'yan bishiyar an zubar da ruwan, an kuma rage yawansu, matsalar tana raguwa sosai. Wata ƙaramar mujalla ta buga, da sunan Baba a jerin marubuta, abin da ya jawo wata 'yar muhawara a sashe. Mutum uku ne suka taɓa ambaton maƙalar. Ta sake neman farfesa sau ɗaya, aka ce ta ƙaro sababbin ayyuka, ba ta sake ba.

Idan aka yaba mata a kan wasiƙun nan uku, takan kawar da zancen. Ita ba su take tunawa ba. Watanni biyar ɗin take tunawa, da gidajen da ba ta sani ba waɗanda suka sayi buhun a cikinsu, alhali jimla ɗaya a rediyo da ta isa.

Ranar bikin sallamarta aka cika ƙaramin zauren tsangaya. Mai gabatarwa sabon malami ne, bai san tarihin ba, ya kira ta Farfesa sau uku a lasifika. Shugaban sashe ya sunkuyar da kai, sauran suka yi kamar ba su ji ba. Ita ma ba ta gyara masa ba. A mota suna komawa gida, da agogon bango da aka ba ta a kan cinyarta, sun wuce shataletale biyu sai ta juyo ta dubi mijinta.

"Malam," ta ce, "ka san da yaron nan ya faɗa, daɗi na ji?"

Ya ce ya gani a fuskarta. Ta ce abin da ke damun ta ke nan. Ya sa sigina ya shiga layinsu.