Goshina Ya Sake Taɓa Ƙasa

Jama'a, ku taya ni murna! Yau na yi sallah ba kujera, goshina a ƙasa!

Jikata Hadiza, mai koyar da motsa jikin da ake kira yoga, ta zo garinmu Wagini da ke ƙasar Batsari ta tarar gwiwoyina sun sandare. Ta ce in fara daga ajin 'yan koyo, numfashi da miƙa kawai.

Na ce, "Ke amarya, ni da na tsufa a duƙe ina noma? Kai ni ajin ƙwararru!"

Ta ce, "Angona, da ka shiga yaƙi da jahilci da gemunka, zamanin fitowar naira, ba daga baƙaƙe ka fara ba?"

Na hau tabarmar 'yan koyo. Damina ɗaya, ga sakamako.

Tsofaffin Batsari, wa zai zo mu cika ajin?