Baba Mai Tano da Ruwan Wanke-wanke

Kowa a unguwarmu Dagmanet ya san Baba Mai Tano ba ya amsa gaisuwa sai ya leƙa abin da ke hannunka. Ka ce, "Ina kwana, Baba?" ya ce, "Wannan ruwan ina za ka kai shi?" Ku da kuke gamuwa da shi a hanya, dariya kuke yi ku wuce. Ni fa? Ni ce matar ɗansa Sani, Sani kuwa direba ne a hanyar Dirkou, sai ya yi wata biyu bai leƙo gida ba. Ni aka bari da tsoho da tanoninsa uku, manyan gangunan nan na zuba ruwa. Kai, na ga ta kaina!

Shekarun fari ne, zamanin soja. Korin Telwa, rafin da garinmu ya dogara da shi, ya ƙi kawo ruwa, layin pompo kuwa daga asuba har azahar. Baba ya taɓa aikin shara a asibiti, can ya tsinto kalmar Faransanci guda ɗaya, "mikorob", wato ƙwayar cuta, ya riƙe ta kamar gadon uwa. Da ya bar aiki sai ya kafa garka a bayan gida, ya jera tano uku. A na farko ruwa ke kwana dauɗa ta kwanta, na biyu tsakuwa da yashi, na uku gawayi. Ruwan wanka da na wanke-wanke, namu da na maƙwabta, duk sai ya bi ta nan. Ko ya fito ma ba a watsa shi kan ganye. A gindi ake zubawa, a hankali, kamar ana ba majinyaci kunu.

Ran nan kawuna Alhaji ya zo daga Ingall duba ni, mutum mai girma, da rawaninsa da komai. Na ba shi buta, ya tsuguna tsakar gida. Ya wanke hannu ke nan sai Baba ya dafa shi.

"Alhaji, don Allah ɗan matsa."

"Najasa ce a nan?"

"A'a. Zogalen can ne ke jin ƙishirwa."

Haka ya tasa bawan Allahn nan gaba, fuska a gindin zogale, hannuwa a gindin kabewa. Da aka zo ƙafa ya wanke ta dama, sai Baba ya ce, "Ta hagun a bar wa kuɓewa." Na faɗa ɗaki don kunya, ban fito ba sai da aka yi sallah aka shafa.

To ku kuna tsammanin mai rowar ruwa irin wannan ba ya zubar da ko ɗigo, ko? Ku tsaya ku ji. Dokarsa ita ce, ruwan da ya taɓa bayan gida ba ya shiga tano, rami aka haƙa masa can nesa da shuka. Lokacin ina jegon Hadiza, na gaji liƙis, na wanke tsummokaranta na juye ruwan a tanon farko. Wa zai sani? Baba ya dawo daga masallaci, ya ɗaga murfi, ya shinshina.

"Rabi! Ruwan me kika zuba?"

"Na wanki ne, Baba."

"Wankin wa?"

Na nuna masa tsummokaran. Wallahi ruwan kwana uku, wanda ya bi gida gida ya roƙo, ya kwashe shi kaf ya kai rami. Ya goge tanon da toka, ya kifa shi a rana.

"Haba Baba, jaririya ce fa, nono kaɗai take sha!"

"Mikorob bai san jariri ba."

Kwana biyu yana fushi. Ni yana yi mini magana. Jaririyar ce ya ƙi ɗauka.

Sai rigimar salati, ganyen nan da ake ci ɗanye. Maƙwabcinmu Ummaru ya ga garkar Baba ta yi kore, ya ce wahalar tano ta marasa aikin yi ce. Ya ja ruwa kai tsaye daga kwatar unguwa zuwa bayan gidansa, ya shuka salati. Salati kuwa ya yi kyau, ganye kamar kunnen giwa. Na yi ta roƙon Baba mu ma mu shuka ko layi ɗaya. Ya ce, "Abin da ba zai shiga tukunya ba, ba zai sha ruwan tanona ba." Na ce a raina, wannan tsoho da taurin kai yake.

Ba a yi nisa ba gidan Ummaru ya kwanta, amai da gudawa, autarsa har idanu sun faɗa. Baba ya sa na tafasa ruwan pompo, ya sa gishiri da sukari, ya zauna yana ba yarinyar cokali cokali, bakinsa bai huta da faɗa ba. Shi ya saɓa ta zuwa asibiti. Da ta farfaɗo ya dawo, bai tambayi kowa ba ya shiga ya tuge salatin nan duka, ya haƙa ramin binne shi. Ummaru na jingine da bango, ko tsayuwa ba ya iyawa, ya ce, "Baba, ko akuya a bar wa mana."

Baba ya ce, "Akuyar me ta yi maka?"

Amma ranar da ta fi kowace ita ce ranar sarjan. An ba da oda kada a ga ruwa kwance a gidan kowa, wani kuma ya kai tsegumi. Sai ga sarjan da sojoji biyu da ɗan duba-gari. Sarjan ya dubi tanonin ya ce, "A fasa su." Abincinmu ke nan fa, a shekarar da hatsi ya fi ƙarfin talaka. Baba ya ce a yi masa haƙuri kaɗan. Ya ɗebo ruwan tanon farko a kwano, baƙi ƙirin, ya ɗebo na uku, garau, ya nuna murfin kowanne, ya zaga da su garka yana bayani kamar mushe, malamin lakwal, a gaban ɗalibai. Sarjan ya fara gyaɗa kai. Can ya miƙa hannu ya tsinki tumatir, zai kai baki.

Tas! Baba ya buge masa hannu.

Sojojin nan suka gyara bindiga. Na ce shi ke nan, Sani zai dawo ya tarar ba shi da uba.

"Tsoho, ka san wanda ka buga?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Wannan na miya ne, sai an wanke an dafa. Ka ci ɗanye cikinka ya ɓaci, gobe a ce na yi juyin mulki."

Sarjan ya dube shi, ya dube shi, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ba a fasa tano ba. Abin da ya biyo baya ya fi fasawa ciwo: sau biyu a mako motar bariki ke kawo mana ruwan wanke tukwanensu. Ku cinka wa ke tsame maiƙo da guntun shinkafa kafin a zuba. Ni, da rariya, da goyo a baya!

Shekarun nan, makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun zo sun kafa tabarmi a gefen gari. Kullum da la'asar Baba zai sa na dafa zogale da kabewa tukunya guda, ya ɗauka ya fita, ba ya faɗin inda za shi. Ni kuwa ina ta mitar itace. Sai ranar rasuwarsa wata tsohuwar Buzuwa ta zo, da samari uku zaratan a bayanta. Hausarta ba ta da yawa. Ta kama hannuna ta nuna su, ta ce, "Tukunyarku."

Na yi masa mita fiye da kowa, Allah Ya yafe mini. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa abin da ya ciyar ya tarye shi. Amin.