Kunyar da Ta Kusa Kashe Ni a Tenere

Shekarun baya, tun kafin Turawa su tafi, na bi kawuna fatauci. Daga Kurfi muka kai gero Agadas, daga can muka shiga ayarin Buzaye masu ɗauko gishiri a Bilma.

Tsakanin garuruwan nan biyu akwai hamadar Tenere. Na tambayi madugu, wani tsohon Buzu, abin da sunan yake nufi. Ya ce, "Inda babu kowa, babu komai." Na yi dariya. Ya ce, "Bahaushe, yi dariyarka. Amma ka sani, ayari ba ya tsayawa sai rana ta faɗi. Ko uwarka ce ta faɗi, ba ya tsayawa."

Gaskiya ya faɗa. Babu itace, babu dutse, ko tsuntsu babu. Rairayi ne tudu bayan tudu, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Wata rana da hantsi cikina ya murɗa. Buzaye nan gefen ayari suke tsugunawa, su rufa da riga, su tashi su bi sahu. Ni kuwa ɗan Kurfi ne, ga kawuna a bayana. Na zaga bayan wani tudu, na ga bai isa ba, na ƙara wani.

Da na dawo, babu ayari. Iska ta share sawu. Na ƙwala kira, shiru. Na ɗaga kai ina neman dutse, yadda muke yi a gida in daji ya rikice mana. Babu. Salkar ruwana kuwa tana kan raƙumi.

Na fara gudu, na tsaya, don ban san inda na nufa ba. Harshena ya bushe. Na yi shahada. Ina sunkuyar da kai sai ga kashin raƙumi, ɗanye, rairayi bai gama binne shi ba. Can gaba ga wani. Gabas muka dosa, sai na sa inuwata a baya na bi kashin.

Bayan la'asar na cim musu, ina jan ƙafa. Ba wanda ya tsaya. Kawuna ya miƙo mini salka yana tafiya, idonsa jawur. Ashe ya so juyawa, madugu ya riƙe masa akala.

Kawun nawa ya ce, "Kai, ɗan nan, kunyar wa kake ji a inda babu kowa?"

Na kafa baki a salkar, na bi sahu.

Yanzu noma nake a Dabawa. Har yau ba na sunkuyawa da fartanya sai na ɗaga kai na hango dutsen Dutsin-Ma yana nan inda yake.