Na Je Doha Ganin Harbin Habibu

Rano zuwa Kano

Ana idar da sallar asuba na shiga motar Kano. Abin da ya tashe ni: gwiwata ta gaji da daji, maharban garinmu kuma sun matsa in faɗi wanda zan miƙa wa bindigar gidanmu. Ɗana namiji ɗaya ne, Habibu, injiniya a Doha. Ya ce mini a waya, "Baba, ai na koma harbi, har gasa nake shirin shiga." Raina ya yi fari, na ce sai na gani da idona.

A filin jirgi har 'yar wuƙar yankan farcena suka karɓe. Ni da na kwana da kura a daji!

Doha

Habibu ya tarbe ni da mota mai sanyi kamar randa. Muka tsaya unguwar Najma, ya saya mini shinkafa da naman rago. Na tambaye shi dajin da yake harbin. Ya yi dariya ya ce gobe zan gani. Tun daga hanya ban ga ko ƙadangare ba.

Al Thumama

Da sassafe ya kai ni wani fili shimfiɗe da kwalta. Wani Bature abokin aikinsa na jira, riƙe da agogo. Ɗana ya ɗaura wasu ƙarafa masu taya a ƙafa, ya kama sanduna biyu kamar gurgu, ya goya bindiga.

"Baba, sunan wasan bayatalon. A ƙasashen sanyi kan ƙanƙara ake zamiya, mu da taya muke koyo. Ka yi tsere, ka tsaya ka harbi faranti biyar a kwance, ka sake tsere, ka harbi biyar a tsaye. Farantin da ka samu sai ya koma fari, duk wanda ka kuskure kuma, zagaye ɗaya ne na horo."

"Farantin gudu yake yi?"

"A'a."

"Ana cin namansa?"

"Haba Baba."

Bindigar ma ba albarushi, ba ƙara, haske kawai take tofawa, wai sai can Turai zai riƙe ta gaske. Takaici ya ishe ni. Na ce a ba ni, in nuna musu harbi.

"Sai ka fara gudu tukuna," in ji Habibu.

Na tattare riga na zaga filin. Maharbi laɓewa yake yi har numfashinsa ya kwanta, ba wanda ya taɓa cewa in yi harbi ina haki. Bakin bindiga ya dinga rawa, zuciyata na dukan haƙarƙari. Na harba biyar, ko ɗaya bai koma fari ba. Baturen ya ce wani abu, Habibu ya ƙi fassarawa.

"Yalla!" in ji Baturen, wato a fara. Habibu ya fyalla, ya zaga ya zaga, ya dawo jiƙe sharkaf. Ya faɗi rub da ciki, ya ja numfashi biyu, ya saki rabin na uku. Biyar suka yi fari. A tsaye ma haka. Wallahi hannun kakansa ne, a kan faranti!

A mota na ce, "To, yaushe za ka dawo ka karɓi bindigar?"

Ya ce, "Baba, hutuna na bana ƙasar ƙanƙara zan tafi. Na baɗi ma haka."

"Da na bayansa?"

Ya kunna rediyo, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Gida

Na sauka Rano bayan la'asar, na gode Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Habibu da ya biya jirgi. Kafin in cire takalmi maharba sun cika zaure.

"Ya iya?"

"Duk ya fi ku," na ce. "Faranti yake harbi."

Suka fashe da dariya. Na shiga ɗaki na ɗauko bindigar, na goge ta, na miƙa wa Isuhu ɗan ƙanena. Sai da ya ja sau biyu kafin na saki.