Takardu Biyu a Kan Yayana

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, takarda ta iso daga bariki cewa Allah ya yi maka rasuwa a bakin daga, Yaya, kuma an yi maka sutura a can.

Shekara goma sha ɗaya kana kofur. Duk zuwanka hutu sai ka zauna bakin gadon Inna, kana kwance igiyar takalmi kana mita. Harsashi yana ƙare muku, amma hafsoshi suka sa ku shafa wa duwatsun ƙofar sansani farin fenti, wai babban baƙo zai zo. Baƙon bai zo ba. Sau huɗu ka nemi izinin zuwa ganin 'yar da aka haifa maka, kyaftin yana cewa takardar tana kan tebur. Ka ce, "Teburin nan ya fi abokan gaba cin mutane." Muka yi dariya, kai ba ka yi ba.

Duk da mitar, abokan aikinka sun ce kai ke karɓar gadin wanda zazzaɓi ya kayar, kai ke rubuta wa marasa karatu saƙon gida.

Kwana shida da tashinmu daga zaman makoki, wata takardar ta zo daga ofishin nan dai, hatimi iri ɗaya. Wai an kira sunanka a fareti sau uku ba ka amsa ba, don haka kana cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Ka bayyana cikin mako biyu ko a hukunta ka. Na je barikin. Magatakarda ya buɗe littattafai biyu, na mamata da na waɗanda suka gudu, ya ce kowanne daidai ne, in jira kyaftin.

Na san ba ka gudu ba. Sajen da ya ɗauki gawarka ya rantse mini. Amma Inna ta karɓe takarda ta biyu, ta cusa ƙarƙashin matashinta. Ta ce, "Bar ni da wannan. Wanda ya gudu ai yana dawowa."

In na yi shiru, an bar ka da sunan matsoraci. In na wanke sunanka, na sake kashe ka a wurinta. Wallahi kaina ya kulle, Yaya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ka huta. Allah ya ba matarka da 'yarka haƙuri. Inna kuwa har yau na kasa yi mata ta'aziyya. Da safen nan ma ta share ɗakinka, ta shanya bargonka a rana.