Farin Yadin da Inna Ta Ɓoye a Kwandon Abinci

Salamu alaikum, 'yan uwa. Sama da shekara arba'in ina riƙe da wannan magana a cikina. Jiya na ji za a yi wa wata 'yar unguwarmu aiki a asibiti, na ce shirun ya isa haka.

Zamanin mulkin gurguzu, da ake ce wa kowa kamarad a Kwatano, ina sayar da atamfa a kasuwar Misebo. Zazzaɓi ya riƙa tafiya yana dawowa. Sai cikina ya kumbura ta hagu, har matan Zango suka fara yi mini barka. Barkar me? Loma uku ta tuwo gagara ta take.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Likita ya ce saifa ce, sai an cire. Mahaifiyata, Inna, ta sayar da 'yan kunnenta muka sayi magani. Ashe har da farin yadi na likkafani ta saya, ta ɓoye a ƙasan kwandon abincin da take kawo mini asibiti.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata mai kifi 'yar unguwar Placodji. Ta rasu. Danginta suka zo ɗauka, suka tarar an cire zuciyarta an sa a kwalba don ɗalibai. Aka nuna musu takarda da Faransanci, ga dangwalen mijinta a ƙasa. Bawan Allah ya zauna a daɓe yana kallon babban yatsansa.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mu da ko mabiyiyar jariri binnewa muke yi, a ce a kai ni kabari ba zuciya?

Washegari aka kawo tawa takardar. Maigidana, wanda ba ya musu da hatimin hukuma, har ya taɓa tawada. Sai wani siririn likita ya riƙe masa hannu.

"Kamarad, kai za a yanka? Wa ya karanta mata?"

Ya kira wata nas mai jin Hausa ta fassara mini layi-layi. In na mutu, in ji takardar, suna iya riƙe abin da suke so.

Na ce, "Ban yarda ba. A mai da wa Inna gawata cikakkiya. Saifar ma a ba ta."

Ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba, ina son ɗalibaina su gan ta. Amma taki ce."

"To, su kalla su ƙoshi, sannan su bayar."

Ya yi dariya, ya soke layin. Ni da kaina na dangwala.

Na farka da ƙishirwa da zare a ciki. Sati uku aka sallame ni. Inna ta yanki kamu ɗaya daga yadin nan, aka naɗe saifar, kawuna ya binne a maƙabarta.

Alhamdulillahi. Likitan nan ko sunansa ban riƙe ba, amma ba na sallame salla ban sa shi a addu'a ba, shi da nas ɗin.

Ku kuma, don Allah, kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku da harshenku ba. Ku tambayi abin da za a cire, da inda za a kai shi. Mai son bayarwa don a yi karatu, Allah Ya ba shi lada, amma a tambaye shi da bakinsa.

Ragowar yadin kuwa, bayan shekara tara da shi muka suturta Inna. Ya gaza da kamu ɗaya. Ni na je Misebo da ƙafata na ciko shi.